Yadda Ake Tsara Bunƙasa Arzikin Ƙaramar Hukumar Karkara, Daga Ranar Kasuwa Zuwa Kasafin Kuɗi

Akwai wani gari da na sani, ba sai na kama suna ba, inda aka jera shaguna a bakin titi, aka shafa musu fenti kalar jam'iyya, manyan baƙi suka zo aka yi jawabai aka ɗauki hoto. Yau in ka bi ta wurin, awaki ne ke shan inuwa a barandarsu. Kasuwar garin kuwa tana nan inda kakanni suka bar ta, ƙarƙashin itatuwan darbejiya, da taɓo har idon sawu in damina ta yi nisa. Da an tambayi masu hatsi abin da ke damunsu, da sun nuna wani kwalbati da ya karye a hanyar shigowa, wanda saboda shi manyan motoci ke tsayawa nesa, sai an biya 'yan dako da masu amalanke kafin kaya su kai mota. Kuɗin da aka zuba a shago huɗu ya isa gyara shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a tambaye shi ba.

Abin da zan bayyana a nan hanya ce da ciyaman, ko kansila, ko ma'aikacin sashen tsare-tsare, ko ƙungiyar ci gaban gari za su bi su fitar da tsarin raya arzikin yankinsu, ba tare da an ɗauko wani masani daga Abuja ya kwana biyu a otal ya rubuto littafi ba. Aikin zai ci kamar wata shida zuwa tara, domin sai an ga kasuwa da kaka an kuma gan ta da bazara.

Mataki na farko: ku san abin da ke hannunku

Kafin a yi mafarkin masana'anta, a buɗe Kundin Tsarin Mulki na 1999 a karanta Jadawali na Huɗu. Shafi ne da 'yan kai. A nan aka lissafa aikin ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, hanyoyin cikin yanki da magudanan ruwa, kwashe shara, lasisin amalanke da kwale-kwale da baro, kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi, sai kuma hannu a ilimin firamare da na manya da na sana'a, da kiwon lafiya, da raya noma da albarkatun ƙasa ban da ma'adinai. Farkon abin da jadawalin ya ambata ma shi ne ba jiha shawara kan tsara tattalin arzikin yankin. Duk wanda ya lura zai ga cewa jijiyoyin arzikin ƙauye, wato kasuwa da tasha da kwata da hanyar da ta haɗa su, a hannun sakatariya suke, ba a hannun gwamna ba.

Sai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya a filayen karkara, har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo, abin da ya haura haka sai da amincewar gwamna. Wannan iko babba ne, kuma shi ne wanda aka fi yin ɓarna da shi.

Batun kuɗi kuma, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya da kashi 35 na harajin kayan masarufi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyansu kai tsaye, ta kuma ce kantomomin riƙo ba sa bisa doka. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, don haka kada ku ɗora tsarinku a kan abin da ya kamata ya zo. Ku je wurin ma'aji ku nemi abin da ya shigo hannu a zahiri cikin shekara uku da suka wuce, ku cire albashi da fansho da abin da ake yankewa, ragowar ita ce ƙarfinku. Sau da yawa ragowar za ta ba ku kunya. Gara kunyar yanzu da ta ranar da za a nemi ku biya ɗan kwangila.

Mataki na biyu: waɗanda za su zauna a tabarma

Kwamiti kada ya wuce mutum goma sha biyar. A sa wakilin hakimi, da sarkin kasuwa, da sarkin noma, da sarkin pawa, da arɗo, da shugaban direbobi na tasha, da malamin gona, da shugaban sashen ayyuka, da wani daga ofishin ma'aji. A sa mata aƙalla uku, kuma ba shugabar matan jam'iyya nake nufi ba. Ina nufin mai turara shinkafa, da mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da uwar adashi. Su suka san nawa ake juyawa a cikin gidaje, kuɗin da ba ya taɓa bayyana a kowace takarda. In ba za su sake a gaban maza ba, a yi musu zamansu daban, mace ta rubuta.

A kuma nemi mutum ɗaya daga jam'iyyar adawa wanda ake jin maganarsa. Ciyaman zai ɓata rai, amma wa'adinsa shekara biyu ne ko uku ko huɗu, gwargwadon dokar jiharsa, shi kuwa tsari na shekara biyar ne. In ya zama na jam'iyya ɗaya, ranar da mulki ya juya ranar zai shiga kwandon shara.

Mataki na uku: ku zauna a kasuwa ku ƙirga

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi tsallakewa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta ne a 2006, yaran da aka haifa a shekarar yanzu wasunsu magidanta ne, saboda haka alƙalumanta ba za su kai ku ko'ina ba. Ku nemi jerin ƙauyuka da rugage da ma'aikatan rigakafin shan inna ke aiki da shi, yana sashen lafiya. Babu wata takarda a sakatariya da ta kai ta sanin lungu da saƙo. Ku haɗa da rajistar makarantun firamare da ta masu zaɓe, za ku san inda jama'a suka yi kauri.

Daga nan sai kasuwa. A samu samari biyar zuwa shida masu takardar sakandare, a ba kowanne littafi da biro da kuɗin abinci. Ranar da kasuwa ke ci, biyu su tsare ƙofofin shiga da fita tun da hantsi har magariba, ɗaya a wajen 'yan hatsi, ɗaya a kara, ɗaya a tasha. Abin da za su rubuta: mota nawa ta fita, wace iri, me ta ɗauka, buhu nawa, ina za ta. Me ya shigo daga waje, daga ina. Nawa tiya da safe, nawa da yamma. Dabba nawa aka shigo da ita, nawa aka sayar. A yi haka kasuwa huɗu a jere da kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, a sake yin huɗu da bazara, wajen Afrilu zuwa Mayu.

Tun farko sarkin kasuwa ya sa a yi shela cewa wannan ƙirga ba ta haraji ba ce. In ba haka ba, dillali zai ce maka buhu goma ya sayar alhali hamsin ne, kuma ba za ka ga laifinsa ba, ya sha ganin mai biro da littafi. Direbobi da 'yan dako sun fi kowa faɗin gaskiya, domin su a kan buhu ake biyansu.

Kada a manta da masu POS. Ku tambaye su wane wata kuɗi suka fi shigowa daga 'yan ci-rani da ke Legas da Fatakwal da Abuja, kuma me ake yi da su. A garuruwa da dama wannan kuɗi ne ke sayen taki.

Da kun gama, ku shimfiɗa babbar takarda ku zana yankin da hannu, mazaɓa bayan mazaɓa: fadama, tudu, kogi, tafki, dam, burtali, makiyaya, mashaya, kasuwa da ranar cinta, hanyar da ke yankewa da damina, garin da ke da wutar lantarki da wanda taransifomarsa ta ƙone, inda waya ke samun sabis. Dagatai su duba su gyara. Wanda ya iya wayar zamani ya ɗauki alamar wuraren, amma takardar bango ta fi amfani a wurin taro, kowa na iya sa yatsa ya ce nan ba haka yake ba.

Mataki na huɗu: ku bi buhu ku ga inda kuɗi ke zuba

Yanzu ku ɗauki manyan kayayyaki biyar da suka fi fita daga yankin, ku bi kowanne tun daga gona har inda ya ƙare. A aika mutum biyu su hau motar kayan, su je Dawanau in hatsi ne ko riɗi, su je Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis in dabbobi ne, su ji farashi da kunnensu, su tambayi manyan masu saye abin da ke sa su rage wa kayan yankinku daraja. Gani ya kori ji. Tambayar da ake nema wa amsa ɗaya ce: tsakanin abin da manomi ya karɓa da abin da mai saye na ƙarshe ya biya, wa ya ci bambancin, kuma wane aiki ya yi da mu ba za mu iya yi a gida ba?

Ɗauki shinkafa. Buhun shanshera mai kilo 100 yakan ba da tsaba kilo 60 zuwa 65, saura ɓuntu da dusa. In yankinku shanshera yake fitarwa, to kun sallama ladan turarawa, da ladan shanya, da na casa, da dusar da za ta ciyar da dabbobi, sannan a dawo muku da shinkafar a sayar muku. Abin da ya ɗaga garin Kura ba ruwan dam ɗin Tiga kaɗai ba ne. Ruwan ya zo ta aikin noman rani na Kogin Kano, wanda ya ratsa Kura da Bunkure da Garun Malam, amma abin da ya tsayar da kuɗin a gari shi ne mata masu turarawa da injinan casa da ke kowane lungu, har ta kai ana kawo musu shanshera daga wasu jihohi. Wanda ke da fadama ba shi da injin cire tsakuwa, ya san abin da zai fara nema.

Wake kuma matsalarsa ajiya ce. Manomi na sayarwa da kaka lokacin da ya fi araha, saboda bashi da biki da tsoron ƙwari. Wanda ya ajiye kuma yakan zuba masa maganin feshi, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015, ban da cutar da muke ɗura wa kanmu. Alhali ga buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. In wake ya bushe sarai aka ɗaure kowane ruɓi da kyau, ƙwarin kan mutu don rashin iska, ba tare da ɗigon magani ba. Sai dai buhu bai magance buƙatar kuɗi da kaka. Makwabtanmu na Nijar sun daɗe da wata dabara da suke kira warantaj: ƙungiyar manoma ta zuba amfaninta a sito, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya ɗaya wurin mai ba da rance, a ba kowa wani kaso na darajar kayansa ya yi hidimarsa ko ya sayi tunkiya, da bazara farashi ya tashi a buɗe a sayar a biya. Ba kowace shekara farashi ke tashi ba, wannan gaskiya ne, shi ya sa ba a ba da rancen darajar kayan gaba ɗaya. Amma ko a shekara mara kyau ya fi ba-da-kaka sauƙi, inda mai kuɗi zai ba ka da damina ya ɗebe maka gona da kaka. Aikin ƙaramar hukuma a nan sito ne mai rufi mai kyau da maigadi, ba ita za ta ba da rancen ba.

Riɗi da zoɓo kayan waje ne. Riɗi na tafiya Japan da Sin da Turkiyya, zoɓon Jigawa kuwa Meziko ce babbar kasuwarsa. Masu fitarwa abin da suke dubawa tsabta ce: yashi, tsakuwa, danshi, ragowar maganin ƙwari. Manomin da ya kaɗe riɗinsa a ƙasa ya riga ya zubar da wani kaso na kuɗinsa kafin ya kai kasuwa. Tamfol da dandamalin shanya na siminti da injin sheƙa ɗaya a kasuwa kan canja sunan yanki a bakin 'yan Dawanau. Haka kuma akwai masu ƙara yashi da gangan don buhu ya yi nauyi. Mutum ɗaya ya yi, a rage wa gari duka farashi. Wannan hukuncinsa na sarkin kasuwa ne da ƙungiyar dillalai, kuma tsari ya faɗi hakan ƙarara.

Tumatir da albasa da nono, su lalacewa ce ke cinye su. Wanda ya taɓa ganin kwandunan tumatir a bakin titin Kadawa cikin watan Fabrairu ko Maris ya san me ake kira arha ta ɓacin rai. Kauɗar da aka shanya a kan raga sama da ƙasa, ba a kan yashi ba, wata haja ce daban. Albasa kuma rumfa take so mai shan iska ta ƙasa da sama, mutanen Aliero da na Galmi ba su ɓoye yadda suke yi ba, a tura mutum ya gano. Nono kuwa sanyi yake so cikin 'yan sa'o'i bayan tatsa, don haka wurin tara madara mai firji na sola kusa da rugage ya fi kowace lacca kan zamanantar da kiwo.

A wannan mataki ne za ku ga abin da ke shigowa wanda bai kamata ya shigo ba: ƙwai, burodi, bulo, ƙofofin ƙarfe, kayan makaranta na yara. Duk abin da ake sayowa daga birni kowane mako kuma ana iya yinsa a gida, sana'a ce ke jiran mai ita.

Mataki na biyar: ku zaɓi biyu, in ya yi yawa uku

Kowane kansila zai so a sa mazaɓarsa, kowane mai sarauta zai so a sa garinsu. In aka biye wa haka za a fito da jerin ayyuka arba'in, ba ɗaya da za a gama. Ku auna kowace dama da tambayoyi huɗu. Mutane sun riga suna yin abin, ko mu ne za mu koya musu? Akwai mai saye da muka gani da ido? Gida nawa zai taɓa, kuma mata da matasa na ciki? Abin da ke tare hanyar, yana cikin ikonmu? Duk wadda ta faɗi biyu daga ciki a ajiye ta.

Ina jan kunne kan kwaɗayin babbar masana'anta. Kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa an buɗe shi a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, a tsakiyar ƙasar tumatir. Shekarar ce ƙwaron nan da manoma suka laƙaba wa Sharon ya cinye gonaki, bayan nan kuma kamfanin ya yi ta buɗewa yana rufewa saboda rashin isasshen tumatir da saɓanin farashi da manoma. In mai wannan ƙarfi ya sha haka, ƙaramar hukumar da ke fama da albashi ta san matsayinta. Ba aikinta ba ne ta mallaki injin casa ko gidan kaji. Duk wanda ya zaga sakatariyoyinmu ya ga taraktocin da suka zama gidan ƙadangaru. Aikinta ta samar da fili mai takarda, da hanya, da ruwa, da wuta, da tsaro, ɗan kasuwa ya kawo injinsa, in ya lalace shi zai kwana bai yi barci ba.

Mataki na shida: hanya, ajiya, wuta, a jere haka

Kada a ce za a yi titi daga gari zuwa gari. A koma kan taswira a nemo wuraren da ke yanke hanya: kwalbati nan, mashigin rafi can, rabin kilomita na yashi da mota ke kafewa. Gyara waɗannan da zuba burji kan buɗe hanya duka da kaɗan daga kuɗin kwalta. A ware kuɗin gyara na kowace shekara bayan damina, a ba ƙauyukan da ke bakin hanyar aikin yashe magudanai, da ɗan lada, ba gayya kullum ba.

Wuta kuma a tara masu buƙatarta wuri ɗaya. Masu niƙa, masu casa, masu walda, teloli, masu ƙanƙara, in suna warwatse kowa da janaretonsa man fetur zai cinye ribar, musamman tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. In suna fili ɗaya kusa da kasuwa, kamfanin sola zai ga abokan ciniki na rana, kuma da irin wannan lissafi ne ake tunkarar Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. Haka manoman rani: famfon sola yana da tsada ranar saye, amma ba ya shan mai.

Mataki na bakwai: ƙasa da kiwo

Wannan ba a son taɓa shi, shi ne kuma ke rushe komai in an bar shi. Arewa na da dokar makiyaya tun 1965, amma burtali da yawa sun zama gonaki, mashaya sun zama lambuna. Kafin a faɗaɗa noman rani a kowace fadama, arɗo da sarkin noma da dagaci su taka wurin tare, a bar wa shanu hanyar ruwa, a kafa alamar siminti, a rubuta a sa hannu. A kuma sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi kowace shekara. Mutanen Zamfara da Katsina sun ga abin da ya faru a 2021, lokacin da rashin tsaro ya kai ga rufe kasuwannin mako da katse layukan waya. Ba tsarin da ke aiki in kasuwa ba ta ci.

In mai zuba jari ya zo neman fili, a ba shi haya ta shekaru ƙayyadaddu, da sharaɗin in bai fara aiki ba cikin shekara biyu fili ya dawo, a kuma biya masu gonaki diyya a gaban shaidu. Ba a ba shi fadamar da gari ke ci da ita.

Yankin da ƙasarsa ta gaji ya leƙa Maraɗi. Tun shekarun 1980 manoma can suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon sarewa, abin da suke kira sassaben zamani, har miliyoyin hekta suka sake yin itatuwa. Gawo ma ganyensa da damina yake zubarwa, bai tare wa gero rana. Wannan ba ya buƙatar kwangila ko gandun dashe, doka ce kawai da za ta tabbatar wa manomi cewa itacen da ya kula da shi nasa ne. Na bakin Kogin Haɗeja kuma su sa ambaliya da ciyawar kacala cikin lissafi, ambaliyar 2022 ba ta yi nisa ba: kada a gina sito inda ruwa ya taɓa kwanciya.

Mataki na takwas: ina kuɗin?

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku ɗauki ƙirgar da samarinku suka yi, ku ninka yawan buhuna da dabbobi da motoci da kuɗin da ake karɓa a kan kowanne, ku kwatanta da abin da ya isa baitulmali a wannan makon. Ratar da za ku gani ita ce jarinku na farko. Ba sai an ƙara haraji ba. A rage masu karɓa, a kafe allon farashi a ƙofar kasuwa da Hausa da ajami, rasit ya zama mai lamba, kuɗi su shiga banki washegari. Sannan majalisa ta yi dokar cewa wani kaso sananne na kuɗin kasuwa a kasuwar za a kashe shi, ƙungiyar 'yan kasuwa na kallo. Ranar da mai hatsi ya ga kuɗin rasit ɗinsa ya zama makewayi da famfo, gardama za ta ragu.

Na waje kuma ba a zuwa musu hannu rabbana. Shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwanni ne, ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja, L-PRES na kiwo. Duk ta ofisoshin jiha suke bi, a jihohin da ke cikinsu, kuma wanda ya zo da taswira da alƙaluma da ƙungiyoyi masu rajista shi ake fara saurara. Saboda haka a taimaka wa masu turara shinkafa da manoman riɗi su yi rajistar ƙungiyar gama kai, su buɗe asusu, su fara tara nasu kafin su nemi na Bankin Manoma ko Bankin Masana'antu. Ƙungiyar da aka kafa ranar da aka ji za a raba kuɗi, ranar da aka raba take mutuwa. Iri da dabarun noma kuwa a nema a Cibiyar Binciken Noma ta Samaru, da ofishin IITA na Kano, wato cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, na dabbobi kuma a cibiyar binciken dabbobi ta Shika. 'Yan gari mazauna birni su ma a kai musu takardar, a nuna musu aiki ɗaya da farashinsa, sun gaji da gidauniyar da ba a ganin ƙarshenta.

Garuruwan kan iyaka su tuna an rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta Nijar a 2023. Kowace haja a nema mata kasuwa ta biyu a cikin gida. Waɗanda layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai ratsa, irin su Dambatta da Kazaure da Daura da Jibiya, su killace fili kusa da tasha tun yanzu, kafin 'yan filaye su riga su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na tara: rubutawa da tsarewa

Takardar kada ta wuce shafi goma sha biyar, da Hausa, a yi ta Turanci don ma'aikatar jiha. Kowane aiki layi ɗaya: me za a yi, a ina, nawa, daga wane asusu, wa ke da alhaki da sunan muƙaminsa, wane wata za a gama. A karanta ta a kowace mazaɓa a ƙofar dagaci, a karɓi gyara, sannan majalisar kansiloli ta amince da ita a zaman da aka rubuta. A gama wannan kafin ƙarshen Satumba, domin a watannin ƙarshen shekara ake haɗa kasafin kuɗi, aikin da bai samu layi a kasafi ba kuwa sai wata shekarar.

Shekarar farko a sa ayyukan da za a gama cikin wata shida kuma kowa zai gani, kamar kwalbatin nan da dandamalin shanya. Masu nauyi su biyo baya.

Abin awo kada ya wuce biyar, kuma ya zama wanda samarin nan za su iya ƙirgawa: kuɗin dakon buhu daga ƙauye mafi nisa zuwa kasuwa, yawan motocin da ke lodi ranar kasuwa, buhun tsaba nawa ya fita in an kwatanta da shanshera, buhu nawa ke cikin sito a watan Janairu, nawa kasuwa ta kai baitulmali. Kowane Disamba a sake ba su littafi da biro su koma ƙofofin kasuwa mako huɗu, a rubuta na bana kusa da na bara a allo ɗaya, a kafe shi a rumfar sarkin kasuwa, kwafi ɗaya a fadar hakimi, ɗaya wurin sakataren ƙungiyar gari, saboda fayil ɗin sakatariya kan yi ƙafa in an canja ciyaman.